Haƙorin Baba Ya Daina Ciwo? Kada Ka Yi Saurin Murna

Ka san yadda muke yi da ciwon haƙori a Mahuta. Haƙori ya hana Baba barci, a aike ka kemis ka sayo maganin kashe zafi, ko a cusa kanumfari a kogon. Bayan kwana biyu zafi ya lafa, kowa ya ce alhamdu lillahi. To, in Baba na da ciwon suga, wannan lafawar abar tsoro ce.

Haƙori ba dutse ba ne, yana da rai. A can cikinsa akwai 'yar tsoka mai laushi, cike da jijiyoyin jini sirara da jijiyoyin jin zafi. Jinin da ke ciyar da ita ta wata 'yar ƙofa yake shiga a ƙarshen saiwar haƙori. Kamar unguwa ce mai hanya ɗaya tal: in ta toshe, shi ke nan.

Idan suga ya daɗe yana hawa, bangon ƙananan jijiyoyi yakan yi kauri, jini ya riƙa shiga da kyar. Irin ɓarnar da yake wa ido da ƙoda ke nan. Fararen ƙwayoyin jini da ke yaƙar cuta su yi sanyi, baki ya bushe, yawun da ke wanke haƙora ya ragu. Da ƙwayoyin cuta sun samu kogo sai su kutsa. Tsokar ta kumbura, ga shi ba wurin buɗawa, har ta mutu. A nan ne zafin ke ɗaukewa, alhali mugunya na taruwa a gindin haƙori. Ita kuma ta ƙara tayar da sugan. Dasashi ma bai tsira ba: tun 1993 masani Harald Löe ya kira ciwon dasashi matsala ta shida da suga ke haddasawa.

Kar ka ce ai ciwon tsofaffi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu suga sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. Kai da ke kora burodi da lemon kwalba kullum, lissafin har da kai.

Abin yi ba wuya. In dasashi na jini, haƙori na girgiɗi, ko ƙishirwa da fitsari sun yi yawa, a gwada suga kafin karin kumallo. In ya kai 126 mg/dL, sai likita. Haƙorin da ya yi shiru bayan azaba, a kai shi wurin likitan haƙori, ko a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ne, a kuma gaya masa akwai suga kafin a cire komai. Burushi da man goge baki safe da dare.

Kai ne mai waya, kai ake aika kemis. Gobe in an miƙo maka kuɗin magani, ka ce: "Baba, mu je a gwada tukuna."