Kada Mu Sayi Tarbo Ido Rufe

'Yan'uwana mata, in ɗayanmu ta shiga Kasuwar Kurmi, ko tabarma ba ta biya sai ta juya ta ciki da bai. To, don me in tsohuwar motar gida ta rage ƙarfi, bakanike ya ce tarbo ya mutu, sai mu kwashi kuɗin adashi a nufi Ƙofar Ruwa sayen wani?

Shi tarbo, hayaƙin inji ke juya shi, shi kuma ya tura wa injin iska. In mota ta kasa hawa tudu, tana baƙin hayaƙi, galibi iska ce ba ta isa ba. A fara duba matatar iska, wadda ƙurar hunturu kan toshe, sa'an nan tiyo, don in ya tsage akan ji shi yana fito. Gyaran waɗannan da araha. Hayaƙi shuɗi-shuɗi kuwa, baƙin mai ke ƙonewa, a nan ne za a fara zargin tarbo.

Tambaya ba raini ba ce. Mu ce, "Malam, nuna mini inda ya lalace." Mu kuma riƙa juye baƙin mai kan kari, gama da shi tarbo ke rayuwa. Allah ya sa mu gane.