Na'urar gano ƙarya: Bugun zuciya ba shaida ba ne

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau shi ne wata waya da wani bawan Allah ya bugo mini ana cikin shiri a gidan rediyo. Dillalin dabbobi ne mai kai shanu kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Kuɗin ubangidansa har jaka 800 na sefa suka yi ɓatan dabo, aka ce shi ake zargi. Cikin ɓacin rai ya ce mini: "Malam, na ji an ce Turawa suna da na'urar da ke gane maƙaryaci. Wallahi a kawo ta a ɗaura mini, ko na huta da wannan zargi."

Na tausaya masa ƙwarai, domin babu abin da ya kai zargin sata ciwo ga mutumin da amana ce jarinsa. Amma shawarar da na ba shi, wadda kuma nake ba duk mai karatu, ita ce kada ya roƙi a gwada shi da wannan na'ura, kuma ko an yi masa tayi kada ya yi gaggawar amincewa. Ga dalilaina.

Wani ɗan sanda mai suna John Larson ne ya haɗa na'urar a garin Berkeley na jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarar 1921. Yadda take aiki shi ne, a ɗaura wa mutum ɗamara a ƙirji da ciki don auna numfashi, a naɗa masa abin awon jini a damtse irin na asibiti, sannan a maƙala masa wasu ƴan ƙarafa a yatsu don auna zufa. Sai a riƙa jefo masa tambayoyi, wasu na banza kamar "yau Alhamis ce?", wasu kuma na ainihin laifin. Mai gwajin ya dubi inda zuciya ta fi bugawa da inda zufa ta fi karyowa, ya yanke hukunci. Wato ke nan abin da na'urar ke aunawa tashin hankali ne, fassarar kuwa ɗan Adam ne ke yin ta.

Na san wani zai ce ai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Haka ne, amma mu dubi kasuwarmu. Ɗauki tsohuwa mai sayar da daddawa daga ƙauyen Wacha ko Gushi, wadda ba ta taɓa taka ofishin jandarma ba, ga hawan jini, ga tunanin abin da surukai za su ce. A ɗaura mata wayoyi a tambaye ta kuɗin adashe, ai zuciyarta sai ta fi ta kowa bugawa ko da ba ta ci ko dala ba. Shi kuwa tantirin ɓarawo da ya saba shiga kaso yana fita, zama zai yi ya miƙe ƙafa, ko gezau.

Ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. A can Amurka inda aka ƙera ta, tun a 1923 wata kotu ta ƙi karɓar sakamakon irin wannan gwaji a matsayin hujja. A 1988 aka yi dokar da ta hana akasarin kamfanoni masu zaman kansu gwada ma'aikatansu da ita. A 1998 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce masana ba su haɗu a kan ingancinta ba, sannan a 2003 wani kwamitin manyan masana kimiyya na ƙasar ya yi nazari ya ce hujjojin ingancin nata masu rauni ne. Aldrich Ames, jami'in leƙen asirin CIA da ya riƙa sayar wa Tarayyar Sobiyet asirin ƙasarsa, sau biyu yana haye gwajin, a 1986 da 1991, ba a kama shi ba sai a 1994. Gary Ridgway ya haye gwajin a 1984, aka sallame shi, sai ga shi a 2003 ya amsa da bakinsa cewa ya kashe mata 48. To idan ta wanke irin waɗannan, da wace hujja za ta kama uwar adashe?

Gaskiya ne ba ita aka saba gani ba a ofisoshin jandarma da ƴan sanda na yankinmu. Amma rabin cinikinmu a Najeriya yake, kuma can an san ta: hukumar EFCC tana da sashen wannan gwaji, a 2016 ma rundunar ƴan sandan ƙasar ta ba da sanarwar gwada sababbin kurata da ita. Bugu da ƙari, mu ma muna da namu na gida. A ƙasar Arewa, wajen Lugu ta Dogon Dutsi, an san dutsen Tunguma da ake kai wa ƙara tun kaka da kakanni. A garuruwanmu kuwa, da zarar kuɗi sun ɓace a shago sai a ruga wurin boka ko mai duba, ya nuna yaron shago ko ƴar aiki, a kama duka kafin a ji ta bakinsu. Duk kanwar ja ce: ana neman gajeriyar hanyar da za ta ɗauke wa mai zargi nauyin kawo shaida.

Alhali kuwa addininmu ya tsara abin tun tuni. Wanda ya yi da'awa shi ke kawo shaidu. Rantsuwa tana hawa kan wanda ya musa ne bayan an rasa shaida, kuma a gaban alƙali, da ƙa'idojinta. Dokar zamani ma haka ta tanada: wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar. Duk wanda ya ce "a gwada ni", ya ɗauki kayan da ba nasa ba ya ɗora wa kansa.

Babban haɗarin ma yana zuwa ne bayan an kwance wayoyin. Sai mai bincike ya dube ka ya ce na'ura ta nuna ƙarya kake yi, gara ka amsa a sassauta maka. Mutumin da ya kwana biyu ba barci, yana tunanin rumfarsa a rufe da iyalinsa ba cefane, yana iya amsa abin da bai yi ba don kawai a bar shi ya tafi gida. Ko kotu ta yi watsi da sakamakon na'urar, wannan amsawar tana nan a rubuce. A nan ne maganar ta shafi kowa, da na'ura ko babu, domin takardar bayanin da ake rubutawa a ofishin jandarma da Faransanci take, kuma da yawanmu dangwala yatsa muke yi ba mu san abin da ke ciki ba.

Saboda haka ga abin da ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe. Idan an kira ka, ka je cikin ladabi, ka sanar da danginka da shugaban ƙungiyarku inda kake. Ka nemi lauya: dokar ƙungiyar UEMOA ta 2014 ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi, kuma tun 2011 akwai hukumar ANAJJ da aka kafa don taimakon marasa hali a harkar shari'a. A laifuffukan yau da kullum, tsarewar bincike awa 48 ce, ba a ƙara wasu 48 sai da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Idan a Najeriya abin ya same ka, sashe na 35 na tsarin mulkin ƙasar na 1999 ya ba ka damar yin shiru har ka gana da lauya. Kada ka sa hannu ko yatsa a takarda sai an karanta maka ita an fassara da Hausa.

Ban manta da wanda aka yi wa sata ba, shi ma ɗan uwanmu ne, kuma yana da haƙƙin a bi masa kadinsa. Sai dai kama wanda bai ji ba bai gani ba ba ya dawo da kuɗi, yana ba ɓarawon gaske lokacin tserewa ne kawai. Na san kuma wanda ya ƙi gwaji za a yi ta tsegumi a kansa a rumfuna. Tsegumi na ƴan makonni ne, amma amsa laifi a rubuce yana iya kai mutum kaso na shekaru.

Abin da ke wanke ɗan kasuwa shi ne littafin lissafi, da rasiɗin aika kuɗi, da shaidu biyu a lokacin miƙa amana. Uwar adashe ta sayi littafi na dala ashirin, ko jikanta ɗan makaranta ya riƙa rubuta mata zubi da kwasa. Dillali kada ya karɓi kuɗin shanu a bayan mota ba mai gani. Shi wancan bawan Allah da ya bugo mini waya, tambayar da na bar shi da ita ke nan: wa ke wurin ranar da aka damƙa maka kuɗin, kuma ina aka rubuta?

Allah Ya kare mu daga sharrin zargi, Ya tona asirin azzalumai, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.