A kakkaɓe darduma kafin ta ga ruwa

Da wuya a shiga ɗakin baƙi na babban ɗan kasuwa a Maraɗi ko Damagaram, ko na tsohon ma'aikaci a Yamai, ba a tarar da darduma a shimfiɗe ba. Waɗansu tsarabar Makka ne, waɗansu daga Dubai ko Istambul aka kawo su. Mafi yawa aikin inji ne, amma akwai na ainihi, saƙar hannu daga Iran, Turkiyya ko Afganistan, waɗanda kuɗin guda ɗaya kan haura albashin watanni. Irin wannan saƙa tana da tsawon rai: dardumar Ardabil, da aka saƙa a Iran a 1539 zuwa 1540, har yanzu tana nan a gidan tarihi na Victoria da Albert a birnin Landan. A ƙasar nan kuwa, shekaru kaɗan sai gashi ya zube, zare ya bayyana. Akan ce tsufa ne, ko a zargi wanda ya sayar. Alhali sau da yawa laifin ƙura ne, da wankin da aka yi ƙurar tana ciki.

Dardumar hannu tana da gindi na zaren tsaye da na kwance, yawanci na auduga, wanda masaƙi ke ƙulla gashin tumaki a kansa, ƙulli bayan ƙulli. Ƙurar da ta sauka ba ta tsayawa a sama. Kowane taku yana tura ta ƙasa, har ta je ta kwanta a gindin ƙullin, inda tsintsiya ba ta kaiwa. Gashin tumaki kuma gwani ne wajen ɓoye datti, don haka fuskar darduma na iya yin kyau alhali cikinta maƙil yake da ƙasa.

Wannan ƙasa ba gari mai laushi ba ce kaɗai. Akwai rairayi a cikinta, ƙwayarsa kuwa tana da kaifi, ta fi ƙarfen wuƙa tauri. Duk wanda ya taka dardumar, ya goga wannan kaifi a jikin zare, kamar mai aiki da zarto. Matsalar ta fi tsanani a nan, domin daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na arewacin Cadi, wanda babu inda ya fi shi tayar da ƙura a duniya, tana shigar da ita ɗakuna ko da ƙofa a rufe.

Idan aka kwara ruwa a kan irin wannan darduma, ƙura sai ta zama laka. Lakar ta nutse cikin gindi, ta bushe, ta daskare. Darduma ta yi tauri, launinta ya dushe, in aka naɗe ta zaren ya nemi karyewa. An biya kuɗin wanki, an sayo ɓarna.

Shi ya sa ƙwararrun masu wannan sana'a ke ɗaukar kakkaɓa a matsayin babban aikin. Suna kifa darduma, fuskarta ƙasa, bisa ragar ƙarfe, don abin da ya zubo ya sami wurin faɗawa. Sa'an nan a bi bayanta da bugu marar ƙarfi amma mai yawa, da inji mai karkarwa ko da sanda mai faɗi. Waɗansu iska mai ƙarfi suke hurawa. A ɗaga, a share, a maimaita, har sai ƙasa ta daina zuba. Ba abin mamaki ba ne babbar darduma ta ba da abin da zai cika tiya. Ta siliki da wadda ta tsufa ba a yi musu bugu, da lallaɓawa ake bi da su.

Sai bayan haka ake maganar ruwa. A gwada launi da farin ƙyalle mai danshi, a ga ko yana zuba. A wanke da ruwan sanyi da sabulu marar kaifi. Omo na tufafi yana busar da gashin tumaki, ruwan Javel kuwa cinye shi yake yi. A shanya a inuwa, inda iska ke kaɗawa, ta bushe da wuri, don danshin da ya daɗe yana ruɓar da auduga.

Mai darduma na iya gwada tasa tun yau: ya ɗaga kusurwa, ya sa farar takarda a ƙasa, ya bubbugi bayanta da hannu. Abin da ya zubo ya ishe shi shaida. Kafin ya miƙa ta ga mai wanki kuma, ya tambaye shi yadda yake fitar da ƙura. In amsar ita ce ruwa zai tafi da ita, gara ya naɗe kayansa ya koma gida. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.