Daga Teburin Malami: Yaronmu Ya Fāɗi a Latin

Ranar wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, wani magidanci ya tare mu a bakin coci da takardar sakamakon ɗansa a hannu. Yaron yana aji ɗaya a ƙaramar makarantar koyon aikin fada. Ya ci lissafi, ya ci Turanci, amma ya fāɗi a Latin, har ya ce shi ba zai koma ba. Uban ya ce, "Malam, harshen da ba a ciniki da shi a kowace kasuwa, don me za a wahalar mini da yaro a kansa?"

Tambayar tana da kyau, kuma mun san ba shi kaɗai yake yin ta ba.

Sa'ad da fada uku suka iso Shendam a 1907, da Latin suke sujada. Haka aka yi ta yi har zuwa babban taron bishop-bishop na Vatikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, wanda ya buɗe ƙofa ga harsunan jama'a ba tare da ya kori Latin ba. Shi ya sa har yanzu muna da dattawa waɗanda suka yi wa fada hidima a bagade suna yara. Sukan amsa addu'o'in da ka, ba tuntuɓe, amma da yawansu ba wanda ya taɓa gaya musu ma'anar. Wannan rashi ne, kada mu bar wa 'ya'yanmu gadonsa.

Mu tuna yadda Latin ya shigo Ikilisiya. Kiristocin farko na birnin Roma da Helenanci suke sujada. Daga baya aka koma Latin domin shi ne harshen talakawa. A shekara ta 382 Paparoma Damasus ya sa Jerom gyaran fassarar Bishara, shi kuwa ya ci gaba da aikin a Baitalami har wajen 405, don masu jin Latin su ji Maganar Allah da harshensu. Dalilin nan ne ya sa aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ba kuwa harshen Turawa kaɗai ba ne. Agustin, wanda aka haifa a 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ɗan Afirka ne, da Latin kuma ya rubuta littattafansa.

To, me yaron zai samu? Dokar Ikilisiya ta 1983 ta ce mai shirin zama fada ya san Latin sosai, domin da shi aka ajiye koyarwar ɗaruruwan shekaru. Ko bai zama fada ba, bai yi hasara ba. Sunayen magunguna, da na itatuwa, da kalmomin shari'a da yawa daga can suka fito. Kai, ko a bakinmu yana nan. Satumba, Oktoba, Nuwamba da Disamba daga bakwai, takwas, tara da goma suke a Latin, gama a dā Romawa daga Maris suke fara ƙirgen shekara. Haruffan bokon nan ma nasu ne.

Abin da ke kā da yara shi ne haddar aku. Ƙarshen kalmar Latin yakan sāke bisa ga aikinta: dominus, dominum, domini, duk ubangiji ne. Wanda ya iya gida, gidan, gidaje, ba zai kāsa wannan ba in an bi da shi sannu.

Mun shawarci uban kada ya tsawata wa yaron. Kowace yamma lokacin hutu ya ce masa, "Koya mini kalma biyar." Pater uba, mater uwa, panis gurasa, pax salama, lux haske. Ai Manzo Bulus ma ya fifita kalma biyar da aka fahimta a kan dubu goma da ba a gane ba. Yaron da yake koya wa ubansa ba ya manta darasi.

Yaron dai ya koma makaranta. Iyaye, in kun ji 'ya'yanku suna rera waƙar Latin, ku tambaye su ma'anarta. In ba su sani ba, ku je wurin fada ko katikis tare.

Allah ya kai mu wata mai zuwa lafiya.