Gurnanin Da Ake Koya: Yadda Kunne Ke Sabawa Da Waƙar Death Metal

Wanda ya ji faifan ƙungiyar Cannibal Corpse karon farko, da wuya ya yarda cewa waƙa ake yi. Abin da ke dukan kunnensa gurnani ne mai kauri, kamar na zaki a cikin rijiya, babu kalma ɗaya da ke fitowa fili. Ko a Amurka, inda salon ya samo asali, masu ba'a na kamanta muryar da ta Cookie Monster, dodon nan na shirin yara. Sai dai wannan hukunci na gaggawa ne. Gurnanin death metal sana'a ce mai ƙa'idoji, maƙogwaro na koyon yin ta, kunne ma sai ya koyi jin ta.

Salon ya kankama ne a tsakiyar shekarun 1980. Ƙungiyar Possessed ta jihar Kalifoniya ta fitar da kundin Seven Churches a 1985, sannan ƙungiyar Death ta Chuck Schuldiner ta biyo da Scream Bloody Gore a 1987. Daga nan birnin Tampa na jihar Fulorida ya zama cibiya, musamman ɗakin naɗar sauti na Morrisound. Kiɗan nasu ya ginu a kan jita mai amon ƙasa da ganguna masu gudun tsiya. Zazzaƙar murya ba ta da wurin zama a cikin wannan guguwa. Dole muryar ta yi nauyin da kayan kiɗan suka yi.

Yadda ake fitar da sautin shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba. A maƙogwaron ɗan Adam akwai tantani biyu da ke kaɗawa idan ana magana. A samansu kuma akwai wasu naɗe-naɗen nama biyu waɗanda ba su cika aiki a zance na yau da kullum ba. Gwanin gurnani yana turo iska daga ciki, ya saki wuyansa, ya bar waɗannan na sama su yi rawar. Mawaƙan gargajiya na yankin Tuva a Rasha da irin wannan dabara suke fitar da amonsu mai zurfi da ake kira kargyraa, kuma ba a taɓa ce musu mahaukata ba.

Wanda ya ɗauka ihu ne kawai, ya shiga yi da ƙarfin tuwo, muryarsa ce za ta biya bashin. Angela Gossow, Bajamushiyar da ta yi wa ƙungiyar Arch Enemy ta Suwidin waƙa har zuwa 2014, ta taɓa fama da ƙulli a tantanin muryarta. Sai da ta yi jinya, ta koma ɗaukar darasi, kafin ta ci gaba. Malamar murya Melissa Cross, wadda ta fitar da darussan The Zen of Screaming a 2005, ta yi suna ne wajen koya wa irin waɗannan mawaƙa yadda za su yi dare bayan dare suna gurnani ba tare da murya ta dashe ba. Ƙa'idar malaman ɗaya ce: in da zafi, to akwai kuskure.

Mai sauraro ma yana da nasa karatun. Kuskurensa na farko shi ne neman kalmomi. A wannan salo murya ɗaya ce daga kayan kiɗa, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ganga. Abin lura shi ne inda ta faɗi, inda ta tsaya, da yadda take sauya kauri. Baƙon da ya ji kakaki a ƙofar fada ƙara kawai zai ji, ɗan gari kuwa ya san sarki ne ya fito. Kundin Blackwater Park na ƙungiyar Opeth, wanda ya fito a 2001, mashiga ce mai sauƙi, domin Mikael Åkerfeldt yana sauyawa tsakanin tattausar murya da gurnani a cikin waƙa guda. A nan ne kunne ke gane cewa zaɓi mawaƙin ya yi.

Akwai ƙorafin da ya cancanci a saurara: baitocin wasu ƙungiyoyi cike suke da jini da kisa, wasu kuma da izgili ga addini. Wanda ya ƙaurace musu saboda haka bai yi laifi ba. Amma wannan hukunci ne a kan abin da aka faɗa, ba a kan muryar da aka faɗe shi da ita ba. Schuldiner kansa, kafin rasuwarsa a 2001, ya karkata baitocinsa zuwa ga tunani kan rayuwa da halin mutane. Wani bincike na Jami'ar Macquarie ta Ostireliya a 2019 ya kuma gano cewa hotunan ta'asa suna taɓa masoya salon kamar yadda suke taɓa kowa.

Ba dole ne kowa ya so gurnani ba. Abincin wani gubar wani ne. Amma kafin a kira aikin shekaru da sunan hayaniya, adalci shi ne a saurara sau uku.