Gidan Ɗan Hausa: Gini na tsaye, ƙasa na zaizayewa

Duk lokacin da na bi ta Nasarawa a Kano na hangi Gidan Ɗan Hausa, ba ginin ne ke fara zo mini a rai ba, ƙasar da ke kewaye da shi ce.

Mai karatu ya san tarihin gidan. Nan ne mazaunin Hanns Vischer, Baturen da aka haifa a Suwizalan a 1876, wanda ya ratso Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, kuma ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa a 1909. Iya Hausarsa ya sa aka yi masa laƙabi da Ɗan Hausa. Yau gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kafin Turawa su ci Kano a 1903, Nasarawa gandun sarki ce. Bayan cin garin sai ta zama unguwar Turawa. Dokar filaye ta 1910 ta sanya ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, da sunan riƙon amana domin 'yan ƙasa. Dokar 1962 ta gaji wannan tsari, ta 1978 kuma ta shimfiɗa shi a Nijeriya baki ɗaya. Wato daga sarki zuwa Bature, daga Bature zuwa gwamna, alƙalami ɗaya ne ke yanka ƙasar, hannu kawai ke sauyawa.

Mun ga sakamakon haka a 2023, lokacin da sabuwar gwamnatin Kano ta rushe gine-ginen da aka yi a filayen da wadda ta gabace ta ta bayar, ciki har da na Otal ɗin Daula. Wannan ya ba da, wancan ya rushe, talaka na kallo.

A ganina, kyan gini ba ya kare gidan tarihi daga irin wannan. Wajibi ne majalisar jiha ta shata iyakar harabar wannan gida da makamantansa, ta rubuta cikin doka, ta yadda babu gwamnan da zai iya yankar ko taku ɗaya shi kaɗai. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya sa masu riƙe da amanar su ji.