Sharhi: Hayaƙin Taya Ba Ya Ɓacewa, Sauka Yake Yi

Sharhinmu na yau a kan hayaƙi ne, kuma tun daga farko zan faɗi mai laifi: mai ƙona taya. Mai ƙona taya don babbakar kai da ƙafa da ganda, da mai ƙona taya don ya ciro wayar cikinta ya kai wa 'yan gwangwan, da ɗan'uwansu mai cinna wa bola wuta da magariba alhali ta cika da leda da roba.

In ka yi masa magana, amsarsa ɗaya ce: "Ai hayaƙi ne, iska za ta kwashe." Ta kwashe ta kai ina? Hayaƙi ba ya ɓacewa, jama'a. Sauka yake yi.

Duk abin da wuta ta ci ba ta cinye sarai ba, itace ne ko man dizal ko roba, yana fitar da wasu sinadarai masu maiƙo da masana ke kira PAH a taƙaice. Halinsu ba ɗaya ba ne. Marasa nauyi, irin naftalin da ake yin kafur ɗin akwatin tufafi da shi, iska suke bi su yi nisa. Masu nauyin kuwa, irin benzofayirin, maƙalewa suke yi a jikin baƙin hayaƙi da ƙura. Manyan ƙwayoyin su zubo nan kusa, ƙananan su yi kwanaki a sama, su shiga huhu har can ciki. Shi wannan benzofayirin, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji. Kuma ba yau aka fara gani ba. Tun a 1775 wani likitan Landan, Percivall Pott, ya lura masu sharar bututun hayaƙin gidaje na kamuwa da daji saboda baƙin da ke manne musu a jiki.

Da rana, hasken rana na lalata wani kaso na waɗannan sinadarai. Matsalar dare ce, musamman da hunturu. Ƙasa ta huce, iska mai sanyi ta kwanta, mai ɗumi ta rufe ta daga sama kamar murfin tukunya. Duk wanda ya bi hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma da asubar watan Janairu ya san abin da nake faɗa: hayaƙi kwance a bakin gari, daidai tsayin mutum, ya ƙi tashi. Sanyin na ƙara mayar da sinadaran jikin ƙura, ga hazo ya cika sama, ga watanni babu ruwan da zai wanke ta. A irin wannan daren ne mai ƙona taya ke kunna wutarsa.

To ina yake sauka? A kan tiren ƙosai. A cikin ƙwaryar furar da aka bari a buɗe. A kan kayan lambun da manoman rani na Makera suka sha wahala a kansu. Fatar tumatir da ganyen kabeji na da santsi mai kama waɗannan sinadarai, wanki na ragewa amma ba ya fitar da su duka.

Nan kuma dole in tsaya kan shanya a bakin titi, don abin na damuna ƙwarai. Manomi ya yanka tumatirinsa, kasuwa ta faɗi, ya baza shi a gefen kwalta ya zama kauɗa. Kwanaki manyan motoci na wucewa suna busa masa hayaƙin dizal, wanda shi ma tun 2012 aka sa shi a wancan rukunin na farko. Haka barkono, haka kuɓewa. Ran Laraba a zuba a buhu a kai kasuwar Dutsin-Ma, uwar gida ta saya ta yi miya. Ban ga laifin manomin ba, ba shi da wurin shanya ne. Fili mai daɓe nesa da titi ba abu ne da ya fi ƙarfin ƙungiyar manoma ba.

Sai ruwan farko. Duk abin da ya taru a kan kwanon rufi tun kaka, ruwan nan ne ke wanko shi. Iyayenmu mata, don Allah kada a tari ruwan indararo na farko don sha, a bari rufi ya wanku. Sauran kuma ya bi kwata da rafi, kuma da yake waɗannan sinadarai ba sa narkewa sosai a ruwa, laka suke kamawa. Abin da ya gangara kogin Karaɗuwa ta sama, lakar madatsar Zobe ce masaukinsa, inda tarwaɗa ke kiwo.

Mutanen Fatakwal sun wayi gari a 2016 suna share baƙin hayaƙi a ɗakunansu da hancin 'ya'yansu. Mu ba mu da matatun mai na ɓoye irin nasu, mai ƙona taya muke da shi, kuma shi ana iya hana shi gobe. Sarakunan fawa, ku hana babbaka da taya, a koma itace ko ruwan zafi ko wutar gas. Masu unguwanni, ku hana cinna wa bola wuta da dare. Malaman kimiyya na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ku ɗebi ƙurar rufinmu da lakar Zobe ku auna, ku zo gidan rediyon nan ku gaya mana sakamakon da Hausa.